Gadar Mostar: Yadda tsofaffin hotuna suka taimaka aka sake gina ta

A ranar 9 ga watan Nuwamban 1993 ne tsohuwar gadar birnin Mostar na ƙasar Bosniya ta rufta cikin kogin Neretva, bayan da dakarun Kuroshiyawan Bosniya suka yi mata luguden wuta.

Kafin nan, gadar ta shafe shekaru 427 a tsaye. Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne ya ba da umarnin gina ta a 1557, aka kuma kammala a 1566 a hannun Hayruddin, almajirin shahararren maginin nan Sinan.

Da aka tashi sake gina ta bayan yaƙi, tambayar ita ce: yaya za a mayar da ita kamar yadda take?

Masu ninƙaya na sojin Hungary sun tsamo duwatsunta daga kogin, amma akasarinsu ba su ginuwa. Don haka injiniyoyi suka koma ga tsofaffin hotuna da awon da aka yi wa gadar kafin yaƙi. Da su aka tantance lanƙwasar bakanta da jerin duwatsunta, sannan aka sassaƙo sababbi daga irin dutsen yankin.

An buɗe sabuwar gadar a watan Yulin 2004, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai kuma tsohon hoto ma yana buƙatar a karanta shi da lura.

Akwai wani hoton gadar na ƙarshen ƙarni na 19 a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Launukansa ba na kyamara ba ne. Baƙi da fari aka ɗauke shi, daga baya aka ɗora masa launi a maɗaba'a.

Bugu da ƙari, rubutun da ke jikinsa ya kira ta gadar Rumawa, sunan da ya yaɗu a zamanin mulkin Austriya da Hungary, wanda ya fara a 1878, alhali kuwa ginin Musulmi ne na Daular Usmaniyya.

Ke nan hoton ya adana siffar gadar daidai, amma rubutunsa ya jingina ta ga waɗanda ba su gina ta ba.