Gaya: Bakanikan da ke riƙe da injinan rumbunan kaya a bakin iyaka

Duk wanda ya san Gaya ya san ta da manyan motoci da rumbunan ajiye kaya, waɗanda mutanen Nijar ke kira magaza. Garin yana bakin Kogin Kwara a jihar Dosso. Gada ce ta raba shi da Malanville ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi kusa da shi. Shekara da shekaru shinkafa da gwanjo da man girki da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun riƙa biyowa ta nan, wasu su wuce Yamai, wasu su tsallaka Najeriya.

In ana maganar wannan kasuwanci, 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako ake fara tunawa. Ba kasafai ake ambaton bakaniken da ke kula da injin ɗaga kaya da janareta da sikeli ba, alhali ranar da ɗayansu ya tsaya, lodi ma ya tsaya.

Abin da aikin ya ƙunsa

Aikin yana farawa tun kafin a kunna inji. Bakanike zai duba man inji da ruwan lagireto, ya leƙa ƙarƙashi ko man haidirolik ya ɗiga cikin dare, ya gwada birki, ya duba sarƙar da ke jan kaya sama ko ta saki. Waɗannan injina ba su yin doguwar tafiya, don haka da awannin aiki ake lissafin lokacin juye mai, ba da kilomita ba. Masu ƙera su da dama suna ba da shawarar a canza man inji bayan awa 250.

Ƙura ce babbar matsala, musamman lokacin hunturu. Tana toshe matatar iska, ta shiga mai, ta cinye robobin da ke hana yoyo. Da bazara kuma zafi ke sa inji ya tafasa. Akwai haɗari a aikin: bakaniken da ya shiga ƙarƙashin ƙarfen ɗaga kaya bai tokare shi ba, da zarar bututun mai ya fashe, nauyin a kansa zai sauko.

Lokacin da aka rufe gada

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa ƙasar. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bin hanyar Lome ta Burkina Faso, wadda ta fi tsawo da tsada, yayin da mutane da ƙananan kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, kuma Gaya ta ji a jikinta.

Bakanike ta fuska biyu abin ke shafarsa. Idan magaza ba ta sauke kaya, maigida ba ya kashe kuɗi a kan gyara. Inji kuma ko a ajiye yake lalacewa yake yi: batir ya mutu, robobi su bushe su tsage, ruwa ya taru a tankin gas. Ranar da aiki ya dawo, kuɗin tayar da shi ya fi abin da za a kashe da ana kunna shi lokaci-lokaci. Ga kuma kayan gyara. Abin da a da ake kawowa daga Kwatano, dole a nemo shi ta Najeriya, a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a ciro daga wani mataccen inji.

Ina makomar masu koyo?

Matasan Dioundiou da Karakara da Zabori, yankin da aka sani da noman rake a Dallol Maouri, suna cikin masu gangarowa Gaya neman sana'a in an gama aikin gona. Yawanci a gaban ubangida ake koyon kanikanci, shekaru ana miƙa sifana kafin a bar yaro ya kwance inji da kansa. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da asusun FAFPA mai tallafa wa horo, sai dai yaro ba ya ƙwarewa a injin da bai taɓa da hannunsa ba.

Abin da ke taimakon masu wannan sana'a shi ne ba ta tsaya a magaza kaɗai ba. Wanda ya iya injin gas da haidirolik zai iya gyara tarakta da injin ban ruwa da janareta, kuma manoman shinkafa na bakin kogi suna buƙatarsa.

Ga 'yan ci-rani masu tunanin turo wa ƙannensu jari, akwatin kayan aiki mai kyau da kuɗin koyo a wurin ƙwararren bakanike jari ne da rufe iyaka ba ya cinyewa.