Ramin Gotar: kilomita 57 a cikin dutse

A watan Yunin 2016 ƙasar Suwis ta buɗe ramin Gotar, hanyar jirgin ƙasa da ta fi kowace tsawo a ƙarƙashin dutse a duniya. Shekara 17 aka yi ana aikin, ma'aikata tara suka rasu. A wasu wuraren dutsen da ke bisa ramin ya kai mita 2300, zafi kuwa wajen digiri 45, sai an sanyaya wurin ake iya aiki.

Manyan motocin kaya ne suka jawo wannan wahala. Suna ratsa garuruwan kan dutse tsakanin Jamus da Italiya, ga hayaƙi ga ƙara. A 1992 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da haƙa ramin, don kaya su koma bisa jirgi.