Yadda ake zaƙulo fayiloli iri ɗaya daga jakunkunan kwamfuta, da inda haɗarin yake

Ma'aikacin da ya shekara biyar yana tara takardu a kwamfuta ɗaya kan wayi gari da jaka a cikin jaka, kowacce da nata tarin fayiloli. Ranar da aka buƙaci ya fito da duk takardun PDF da ke ciki, buɗe jakunkunan ɗaya bayan ɗaya na iya cinye masa wuni guda. Layin umarni, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so da haruffa, kan kammala wannan aiki cikin 'yan daƙiƙu.

A kwamfutocin Linux da macOS, umarnin da ke yin wannan bincike shi ne find. Asalinsa daga tsarin Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar Bell Labs da ke Amurka a 1969. Ga yadda ake rubuta shi:

find . -type f -iname "*.pdf"

Ɗigon da ya biyo bayan find yana nufin a fara daga jakar da ake ciki, daga nan binciken ya gangara cikin duk ƙananan jakunkunan da ke ƙarƙashinta, komai zurfinsu. Sashen -type f ya taƙaita sakamakon ga fayiloli kaɗai, ban da jakunkuna. Shi kuwa -iname ba ya bambance manyan haruffa da ƙanana, saboda haka fayil ɗin da ya ƙare da .PDF ma ba zai kuɓuce ba. Alamar tauraro tana wakiltar kowane irin suna.

Masu Windows su ma suna da hanyarsu. A tsohuwar tagar umarni ana rubuta dir /s /b *.pdf, a PowerShell kuma, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2006, ana rubuta Get-ChildItem -Recurse -Filter *.pdf.

Idan aikin na yau da kullum ne, akan adana umarnin a ƙaramin fayil da za a riƙa kira duk lokacin da buƙata ta taso. Ƙara -mtime -7 ga umarnin find kan fito da fayilolin da aka sauya cikin kwana bakwai da suka wuce kawai. Ana kuma iya haɗa shi da umarnin cp domin kwafe sakamakon zuwa jaka guda. A nan ake samun asara ta farko: idan fayiloli biyu daga jakunkuna daban suna da suna ɗaya, na biyu zai danne na farko, sai dai in an rubuta cp -n, wanda ke hana hakan.

Haka nan, haruffan ƙarshen suna ba su ne ke tabbatar da nau'in fayil ba. Hoton da aka sauya wa suna ya ƙare da .pdf zai bayyana a sakamakon, takardar PDF ta ainihi da ta rasa waɗannan haruffa kuma ba za ta fito ba. Umarnin file ne ke warware wannan, domin yana leƙa cikin fayil ɗin kansa, inda takardar PDF ke farawa da alamar %PDF.

Babban haɗarin yana tattare da -delete. Abin da aka goge ta wannan hanya ba ya shiga kwandon shara, balle a dawo da shi. Bugu da ƙari, find yana bin sharuɗɗansa daga hagu zuwa dama, don haka wanda ya rubuta -delete kafin -iname zai share duk abin da ke cikin jakar, har da wanda bai nufa ba.

Saboda haka ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a fara gudanar da binciken ba tare da -delete ba, a karanta jerin sunayen da ya fito a tsanake, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wata ma'ajiyar daban. Sai bayan an gamsu da jerin ne ake ƙara umarnin gogewa, a ƙarshen layin.