Ko Kun Sani? Rigakafin ƙyanda ba tare da sirinji ba

Uwar da ta taɓa danne ɗanta a asibitin Anka ko Gummi don a yi masa allurar baƙon dauro ta san kukan da ke biyo baya. To, ko kun san an ƙera wata 'yar filasta da ke yin wannan aiki?

A jikinta akwai ƙananan tsinuka, kowane bai kai milimita 1 ba, kuma da busasshen maganin rigakafin aka ƙera su. Idan aka danna ta a wuyan hannu na minti 5, tsinukan kan huda saman fata su narke a ciki, ba tare da sun kai inda zafin allura yake ba. Masana a jami'ar Georgia Tech ta Amurka ne suka fara nuna dabarar amfani da ƙananan tsinuka a 1998.

An gwada ta a Gambiya kan manya 45 da yara 240. Sakamakon da mujallar Lancet ta fitar a 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka manna wa filastar sun samu kariya daga ƙyanda, kamar waɗanda aka yi wa allura.

Babban amfaninta a ganina yana ga ƙauyukan Bukkuyum masu wuyar shiga. Maganin ƙyanda na kwalba sai da ƙanƙara, kuma da zarar an haɗa shi da ruwansa, bayan awa 6 sai zubarwa. Filastar kuwa ba a haɗa ta da komai, ta fi jure zafi, ba ta barin allurar da yara za su tsinta a bola. Har yanzu dai gwaji ake, ba ta iso asibitocinmu ba.