RAWAR DOKI A TURAI: ƘOFAR DA MATA SUKA BUƊE, KUƊI NA NEMAN RUFE TA

'Yan uwana mata, da ku 'yan matanmu na makaranta, a wannan mako filin namu zai kai mu bargar dawakin Turawa. Duk wadda ta taɓa kallon hawan salla ta ga yadda gwanin mahayi kan sa dokinsa ya yi ta taka rawa a wuri guda, yana bin kiɗa. To, Turawa ma suna da irin nasu wasan, wanda su ke kira dirasaj, watau gwanintar sarrafa doki. Babu sukuwa a cikinsa, babu tsallake shinge. Mahayi zai shiga wani fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, ya sa doki ya yi taƙama, ya yi tafiyar karkace, ya juya a kan ƙafafunsa na baya, alƙalai na zaune suna ba da maki. Gwani shi ne wanda ba za a ga motsin hannunsa ko na ƙafarsa ba, sai ka ce dokin ne ya ga dama don kansa.

Abin da ya sa mu ka kawo wannan labari a filin mata shi ne, wasa ne da mata da maza ke karawa a fage ɗaya, kuma mata sun daɗe da ƙwace shi. Tun daga shekarar 1988 har zuwa wasannin Olimfik na birnin Faris a 2024, mace ce ke cin lambar zinariya ta mutum ɗaya. Amma ba kowace mace ce ke iya kaiwa bakin fagen ba.

DA SAI HAFSOSHI

Da aka shigar da wasan cikin Olimfik a 1912, doka ta ce sai hafsan soja kaɗai zai hau. Ba mace, ba farar hula, ba ma ƙaramin soja. A 1948 'yan ƙasar Suwidin suka ci zinariya a Landan, daga baya aka gano cewa ɗaya daga cikinsu saje ne, an ɗaga shi zuwa hafsa na ɗan lokaci don kawai ya shiga gasar. Sai aka ƙwace lambar aka ba Faransa.

A 1952 aka sake doka. A wannan shekara mata huɗu suka shiga gasar a birnin Helsinki, cikinsu har da Lis Hartel, 'yar ƙasar Danmak. Wannan baiwar Allah cutar shan inna ta kama ta a 1944, tana da shekara 23, ga kuma juna biyu. Ta haihu lafiya, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunta ba su sake motsi ba, sai an ɗora ta a kan sirdi, an kuma sauko da ita. Duk da haka ita da goɗiyarta Jubilee suka zo na biyu. Wanda ya zo na ɗaya, wani hafsan Suwidin mai suna Henri Saint Cyr, shi ya ɗauke ta ya kai ta inda ake ba da lambobi. A 1956 ta sake cin azurfa.

DAGA KAKIN SOJA ZUWA ALJIHU

Sai dai fa, a zamanin hafsoshi gwamnati ce ke sayen doki, ita ke ciyar da shi, ita ke biyan mai horarwa. Da sojoji suka bar dawaki suka koma motoci, duk wannan nauyi sai ya faɗo a kan mahayi, ko kuwa wani mai hali da zai tsaya masa. Mace ta farko da ta ci zinariyar mutum ɗaya, Liselott Linsenhoff ta Jamus, a 1972, 'yar wani babban mai masana'anta ce.

Ina kuɗin ke tafiya? Da farko dai dokin kansa. A yanzu akwai masu kiwo a Jamus da Holan da Danmak waɗanda ke haɗa ingarma da goɗiya musamman don wannan wasa, su kai dukushi kasuwar gwanjo. Sa'an nan horonsa kan ci shekaru, domin ba a yarda doki ya shiga babban aji ba sai ya kai shekara 8. Duk tsawon wannan lokaci ana biyan kuɗin barga, da abinci, da likitan dabbobi, da maƙerin da ke sake masa takalmin kofato bayan 'yan makonni, da motar ɗaukarsa, da kuɗin shiga gasa. Wasu attajirai ma a jirgin sama su ke kai dawakinsu jihar Fulorida ta Amurka su yi lokacin sanyi suna gasa a can.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Mai koyo ba ta iya koya wa doki abin da ita kanta ba ta taɓa jin yadda ya ke ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta hau tsohon doki wanda ya riga ya ƙware, shi ya zama malaminta. Irin wannan doki kuwa tsada gare shi. 'Yar masu kuɗi sai a saya mata shi tun tana ƙarama, 'yar talaka kuwa ita da ɗanyen dokinta su yi ta lalube tare. Ranar gasa kuma alƙali ɗaya ne zai duba su, da ma'auni ɗaya.

KUƊI ƘARE MAGANA?

A 2010 wani baƙin ingarma mai suna Totilas ya ci zinariya uku a gasar duniya a Amurka, wani ɗan Holan, Edward Gal, na bisansa. Amma dokin ba nasa ba ne. Makonni kaɗan bayan gasar masu shi suka sayar wa wani attajirin Jamus, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai wajen yuro miliyan 10. Gal ya wayi gari babu abokin aikinsa. Shi kuma dokin, da ya koma hannun sabon mahayi bai sake kai matsayinsa na da ba, ciwo ya yi ta damunsa har aka hutar da shi a 2015. Ashe ana iya sayen doki, amma sabon da ke tsakaninsa da mai hawansa ba ya cikin ciniki.

Ita kuwa Charlotte Dujardin ta Ingila ta wata ƙofa ta shigo. Ta bar makaranta tana da shekara 16. A 2007 ta kama aiki a bargar wani gwani mai suna Carl Hester, tana sharar turke da goge dawaki, shi kuma yana koya mata. Ya ba ta wani doki mai suna Valegro, wanda ya saya fam 4,000 kacal yana ƙarami. Da shi ta ci zinariya biyu a Landan a 2012, ta ƙara ɗaya a 2016 a Burazil. Amma ku lura, sai da mai barga ya ba ta doki, ya kuma ƙi sayar da shi lokacin da darajarsa ta hau. 'Yan mata da yawa na irin wannan aiki na wahala a bargunan Turai, tun asuba har dare, kuma kaɗan ne ƙwarai ke samun abin da ta samu.

Labarin nata yana da ƙura. A 2024, gab da wasannin Faris, wani hoton bidiyo ya fito inda aka gan ta tana zabga wa doki bulala a wajen koyarwa. Ta janye daga gasar, ta nemi gafara, hukumar wasan dawaki ta duniya kuma ta dakatar da ita shekara guda. Doki ba ya magana, shi ya sa haƙƙinsa ke da nauyi a kan duk mai riƙe da linzami, ko wace ce ita.

'YAR TALAKA FA?

Wurin da 'ya'yan marasa hali ke fara hawa shi ne makarantun koyon doki, inda za a biya kuɗin sa'a guda a hau na haya. A 2023 babbar ƙungiyar masu dawaki ta Birtaniya ta ba da sanarwar cewa irin waɗannan makarantu fiye da 250 sun rufe tun daga 2018. Kowace ɗaya da ta rufe, yaran unguwarta sun yi nisa da doki ke nan.

Duk da haka akwai masu ƙoƙari. A unguwar Brixton ta Landan akwai wata ƙungiyar taimako mai suna Ebony Horse Club, wadda ke koya wa yaran talakawa hawa. A nan wata yarinya mai suna Khadijah Mellah ta koya, kuma a 2019, tana da shekara 18, ta ci wata sukuwa a filin Goodwood da lulluɓinta a ƙarƙashin hular kwano. Sukuwa ce ba dirasaj ba, amma ta nuna abin da kan faru idan aka ba yarinya dama.

Iyaye mata, abin dubawa a nan shi ne, gwaninta ba ta zaɓar gida, amma tana bukatar mai tsaya mata. In kin ga 'yarki da wata baiwa, ko a karatu, ko a wasa, ko a sana'ar hannu, kada ki ce ai wannan sai 'ya'yan manya. Ki nemi malamar da za ta riƙe ta, ki tambayi inda ake ba da taimako. Wadda kuma ta samu wadata, ta waiwayi 'yar maƙwabciyarta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku raina aikin share turke, amma ku riƙe littafinku da kyau. Isabell Werth ta Jamus, wadda ta fi kowane mahayi yawan lambobin Olimfik, sai da ta yi karatun lauya ta kammala.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.