Me Ya Sa Ba A Raba Wa Ma'aikatan Jirgin Ruwa Bindigogi Su Kare Kansu Daga 'Yan Fashin Teku?

 Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu a Nassarawa GRA, wani abokina mai sayar da batiran sola yana ƙorafin kuɗin dakon kwantena daga Chana. Da aka ambaci 'yan fashin teku cikin abubuwan da suka taɓa ƙara wa dakon tsada, sai ya ce, "To wai me zai hana a ba kowane ma'aikacin jirgi bindiga a huta?" Wannan tambayar ce zan yi bayani a kai yau.

Kano ba ta da teku, amma wayar da ke hannunka, da allon solar da ke kan rufinka, da akasarin kayan da ke Farm Centre da titin Beirut, daga waje suke zuwa, kuma masu nauyin cikinsu ta ruwa suke iso Apapa, ko Tin Can, ko Onne. Ko tashar kan tudu ta Dala da aka buɗe a Zawachiki a farkon 2023, da waɗannan tashoshin ruwa ta dogara. Idan kamfanonin inshora suka ɗauki tekunmu a matsayin wuri mai haɗari, ƙarin kuɗin da suka ɗora wa jirgi a kan mai saye yake ƙarewa.

Yadda matsalar ta kai

A 2020, hukumar IMB mai tattara rahotannin fashin teku ta ce an yi garkuwa da ma'aikatan jirgi 135 a duniya baki ɗaya, kuma 130 daga cikinsu a mashigin tekun Gini aka kama su, wato ruwan da Najeriya take bakinsa. Salon maharan nan ya bambanta da na Somaliya. Na Somaliya sukan tafi da jirgin sukutum su tsare shi watanni. Na nan kuwa sukan hau jirgi, su kwashe mutane, su shige da su surƙuƙin Neja Delta su nemi kuɗin fansa.

Inda bindiga ta yi aiki

Abokina yana da hujjarsa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya hannu rabbana, ayarin madugu da makamansa yake tashi. A teku ma an gwada. Lokacin da fashin Somaliya ya yi ƙamari, a 2011 hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya, IMO, ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar masu gadi ɗauke da makamai. Kamfanoni suka riƙa ɗora mutum uku ko huɗu, galibi tsofaffin sojoji, su raka jirgi ya wuce wurin haɗari. Wannan, tare da sintirin jiragen yaƙi, ya karya lagon fashin cikin 'yan shekaru.

Amma a lura, masu gadi aka ɗauko daga waje. Ma'aikatan jirgin kansu ba a ba su makami ba, kuma IMO ba ta goyon bayan a ba su. Katafaren jirgin kwantena mutum ashirin ne da 'yan kai a cikinsa: kyaftin, injiniyoyi, mai dafa abinci da sauransu. Kowa da aikinsa, babu wanda ya koyi yaƙi. Ga shi kuma wasu jiragen fetur ko iskar gas suke ɗauke da shi, inda harsashi ɗaya zai iya tashin gobarar da ta fi fashin muni.

Akwai kuma kuskure. A watan Fabrairun 2012, sojojin Italiya da ke gadin jirgin dakon mai Enrica Lexie sun harbe masunta biyu 'yan Indiya a kusa da gaɓar Kerala, bisa zaton 'yan fashi ne. Rikicin shari'ar tsakanin ƙasashen biyu bai ƙare ba sai a 2021. Idan horarrun sojoji za su kasa bambance masunci da ɗan fashi, ina ga mai dafa abinci?

Dokar Najeriya

A gaɓar Somaliya yawancin hare-haren a tsakiyar teku ake kai su, inda babu ikon kowace ƙasa. A nan kuwa jirgi shigowa yake yi ya sauke kaya, kuma mil 12 na ruwa daga gaɓa, kimanin kilomita 22, ƙasar Najeriya ce. Najeriya ba ta yarda masu gadi masu zaman kansu su shigo ruwanta da bindiga ba. A watan Oktoban 2012 sojojin ruwa sun kama jirgin Myre Seadiver a Legas da 'yan Rasha 15 saboda makaman da aka samu a ciki, aka shafe kusan shekara kafin maganar ta mutu. Abin da doka ta amince da shi shi ne mai jirgi ya yi hayar jirgin rakiya wanda sojojin ruwan Najeriya suke ciki da makamansu.

Na'urorin da ke kare jirgi

Mu masu rubuta manhaja mun san ba a dogara da kalmar sirri kaɗai. Ana jera matakai ne, idan ɓarawo ya tsallake ɗaya ya ci karo da na gaba. Haka ake tsara tsaron jirgi.

Na farko, gani daga nesa. Na'urar rada da kyamarori masu gane zafin jiki su ne ke hango ƙaramin kwalekwale da dare. Mintunan da aka samu a nan su suka fi komai tsada.

Na biyu, na'urar AIS, wadda ke shelanta sunan jirgi, da inda yake, da gudunsa, don kauce wa karo. Aibinta shi ne saƙonta a buɗe yake. Kai ma daga Kano za ka iya buɗe shafin MarineTraffic a wayarka ka ga jiragen da ke layi a Legas, kuma abin da ka gani ɗan fashi ma yana gani.

Na uku, hana hawa. Ana kewaye gefen jirgi da waya mai reza, a kunna mesar ruwa mai ƙarfi, kyaftin ya ƙara gudu yana karkata jirgi don igiyar ruwa ta hana kwalekwale manne tsani.

Na huɗu, maɓallin neman agaji na sirri. Idan aka danna, ba ya ƙara a cikin jirgi, sai dai ya aika saƙo ta tauraron ɗan adam zuwa ga kamfani da hukumomin ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta.

Na biyar, ɗakin mafaka mai ƙofar ƙarfe, da ruwa da abinci da wayar tauraron ɗan adam, inda kowa zai shige ya kulle. Wannan ɗaki lokaci kawai yake saya. A ranar 23 ga Janairun 2021 'yan fashi sun hau jirgin kwantena Mozart bayan ya bar Legas zai tafi Afirka ta Kudu. Ma'aikatan sun shige mafaka, amma maharan suka shafe sa'o'i suna fasa ƙofa babu wanda ya kawo ɗauki. Suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, suka tafi da Turkawa 15, waɗanda aka sako a watan Fabrairu. Duk matakan da na lissafa jiran mai zuwa ceto suke yi.

Abin da ya rage fashin a tekunmu

A 2019 Najeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku, kuma a Yulin 2021 kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu kan sace wani jirgin kamun kifi na 'yan Chana. A watan Yunin wannan shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA, wanda ya ci dala miliyan 195: manyan jiragen sintiri biyu, ƙananan jirage masu gudu 17, jiragen sama biyu, jirage masu saukar ungulu uku, jirage marasa matuƙa huɗu, da cibiyar tattara bayanai a Legas. Sojojin ruwa ma suna da nasu tsarin sa ido mai suna Falcon Eye. Hare-haren mashigin Gini sun sauko daga 81 a 2020 zuwa 34 a 2021, kuma a 2022 IMB ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin ya fi addaba.

Don haka amsar da na ba abokina ita ce: bindiga tana cikin tsaron jirgi, amma a hannun wanda doka ta ba shi, kuma bayan rada ta gani, saƙo ya isa, jirgin ceto ya taso. Abin da ya rage wa 'yan kasuwarmu su bi kadinsa shi ne ƙarin kuɗin inshorar haɗarin yaƙi da aka ɗora wa jiragen da ke zuwa Najeriya, wanda NIMASA ta sha kiran a cire tunda fashin ya ragu. Mai shigo da kaya ya tambayi ejan ɗinsa ko wannan kuɗin yana cikin lissafin dakon da aka ba shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.