Cutar Parkinson: Idan dattijo ya fara ganin baƙin da babu su a gida

Yawancin mutane sun san cutar Parkinson ne da karkarwar hannu, da sanƙarewar gaɓoɓi, da tafiya ana jan ƙafa, irin alamomin da duniya ta gani a jikin ɗan dambe Muhammad Ali kafin rasuwarsa a 2016. Likitan Landan da ya fara siffanta ta a 1817, James Parkinson, ya ɗauka ba ta taɓa hankali. Daga baya likitoci suka gano ba haka abin yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar a 2019, kuma da dama daga cikinsu, idan ta daɗe a jiki, sukan fara gane-gane ko zargin makusantansu ba gaira ba dalili.

Wannan ne ɓangaren da ya fi jijjiga gida, musamman ga ma'aikacin gwamnati da ya ɗauko mahaifinsa ko mahaifiyarsa daga gida ya kawo Abuja domin kusanci da asibiti. Yana fita daga Kubwa ko Lugbe ko Mararaba tun da asuba, ya bar majinyacin a hannun matar gida ko 'yar aiki, wadda sau da yawa ba wanda ya taɓa yi mata bayanin cutar.

Yadda abin ke farawa

Gane-ganen kan fara da sauƙi. Dattijo zai ji kamar wani na tsaye a bayansa, ya waiwaya bai ga kowa ba, ko ya ga gilmawar wani abu kamar kyanwa ta gefen ido. Babbar rigar da aka rataya a ƙusa sai ta zame masa mutum. Daga baya yakan ga yara zaune a falo ko baƙi a bakin gado, galibi ba sa cewa uffan. Abin ya fi tsananta da magariba da cikin dare, wato daidai lokacin da ɗansa ke maƙale a cunkoson motoci kan hanyar Nyanya.

Da farko majinyaci kan san cewa abin da yake gani ba gaskiya ba ne, sai ya ɓoye don gudun a ce ya taɓu. Idan cutar ta yi nisa, wannan sanin kan ɓace.

Zargi bai kai gane-gane yawa ba, amma ya fi shi ɓarna. Mutum zai kafe cewa matarsa ta shekara arba'in tana cin amanarsa, ko 'yar aiki ta sace katin bankin da kuɗin fanshonsa ke shiga, ko ana sa masa guba a abinci. Hujja ba ta sauya masa ra'ayi. A kan irin wannan ana iya korar yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, ko a girgiza tsohon aure har ta kai ga furta saki. Idan ta kai haka, ya kamata malaman da za a nemi fatawarsu su fara jin bayanin likita. Zargin sata kuwa a bincika shi cikin sirri, domin ana cutar tsofaffi da gaske, amma kada a yanke hukunci da maganar majinyaci kaɗai.

Me ke jawo shi

Cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, kuma a hankali tana taɓa sassan da ke fassara abin da ido ya gani. Magungunan da ke sassauta jiki su ma suna da nasu hannun. Levodopa, wanda shi ne ginshiƙin jinyar, yana iya tayar da gane-gane. Pramipexole da amantadine sun fi shi yin haka, sai kuma benzhexol, wanda aka fi sani da Artane, mai araha kuma mai saurin rikita tsofaffi.

Akwai dalili na uku da bai kamata a yi wasa da shi ba. Idan dattijo ya rikice farat ɗaya, cikin yini ɗaya ko biyu, sau da yawa wata cuta ce daban ta shigo: ciwon mafitsara, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko taurin bayan gida. Wannan na bukatar asibiti a ranar, ba jiran ranar ganin likita ba.

Kurakurai biyu masu haɗari

A gidaje da yawa, fassarar farko ita ce shafar aljanu ko sammu. Addu'a da ruƙiyya ba sa cin karo da jinya. Haɗarin yana zuwa ne idan aka dakatar da magani domin a koma na gargajiya, domin yanke levodopa lokaci guda na iya jefa mutum cikin sanƙarewa mai tsanani da zazzaɓi, har rai ya salwanta.

Kuskure na biyu shi ne zuwa kemis neman abin da zai kwantar da shi. Haloperidol da chlorpromazine, waɗanda ake bai wa masu taɓin hankali, suna toshe aikin dopamine, don haka suna iya mayar da mai Parkinson ya kasa tashi ko haɗiyar abinci. Abin da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kan yi shi ne ya fara neman wata cuta, sannan ya rage magungunan da suka fi rikitarwa ɗaya bayan ɗaya. Idan hakan bai wadatar ba, yakan ba da quetiapine kaɗan, ko clozapine da ke bukatar gwajin jini a kai a kai. A Amurka an amince da pimavanserin a 2016 musamman domin wannan matsala. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da na Malam Aminu Kano nan ne wuraren neman ƙwararru, kuma mai inshorar lafiya ya nemi takardar turawa daga asibitin da ya yi rajista.

Abin da ke hannun iyali

Haske shi ne matakin farko. A kunna fitilu kafin magariba, a tanadi fitila mai caji saboda ɗauke wuta, a kawar da kayan da ke rataye da madubin da ke fuskantar gado. A duba idonsa da tabaransa, domin raunin gani na ƙara rura abin.

Idan ya ce ga yara nan, musu ba ya amfani, kuma bai dace a yi kamar ana ganin su ba. Ya isa a ce: "Baba, ni ban gan su ba, amma ga ni nan tare da kai." Sai a ja shi zuwa wani ɗaki ko a sauya hira. Idan abin da yake gani ba ya tsorata shi, ba lallai ne ya bukaci sabon magani ba, amma dole likita ya sani. A ɓoye wuƙaƙe da makullin mota idan zargi ya yi ƙarfi.

A ajiye littafi guda, duk mai kula da shi ya rubuta lokacin shan magani, da lokacin da abin ya zo, da abin da ya gani. Da wannan littafin ma'aikacin da ya yini a ofis zai amsa tambayoyin likita. Mai jinyar ma tana bukatar hutu da wanda zai karɓe ta, musamman idan ita ce ake zargi. Ya kamata 'ya'ya su faɗa mata ƙarara cewa sun san cutar ce ke magana.

Kasancewar dattawa da yawa suna ɓoye abin tsawon watanni, bai kamata a jira su furta ba. Ɗa ko 'ya na iya tambaya cikin ladabi, a keɓe, ko Baba yakan ga wani abu da sauran mutanen gida ba sa gani, tare da sanar da shi cewa masu wannan cuta da yawa suna ganin haka, kuma likita na da abin da zai iya yi a kai.